Neman shawara: na auna yarinya mai tamowa a wajen bincike, na rasa yadda zan yi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu, kuma bincikena ya shafi yadda ake ciyar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a gidajenmu. Mako uku ke nan ina shiga gidaje a cikin birnin Zariya, bayan na sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da iznin mai unguwa. Duk matar da na tambaya sai ta ce yara lafiya lau, wani lokaci ma uwar miji ce take amsawa a madadinta. Jiya kuma na auna damtsen wata yarinya 'yar wata 14, awon ya faɗa kan launin ja na ma'aunin, ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Na rubuta na fito, amma ban runtsa ba. Me ya kamata in yi?

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki ajiye takardar tukuna, ki koma gidan gobe da sassafe kafin mahaifin yarinyar ya fita, domin shi ne zai ba da izni da kuɗin mota. Ki danna bayan ƙafafunta da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan wurin ya lotsa a ƙafafu biyun, kumburi ne, kuma asibiti za a nufa a ranar. Haka nan idan ta ƙi cin abinci, ko tana amai, ko jikinta ya saki, kwantar da ita za a yi, ga Asibitin Koyarwa na Shika nan. Idan kuwa tana ci kuma babu wani ciwo, ana iya kula da ita daga gida da haɗin gyaɗa da madara na leda da ake bayarwa a cibiyoyin kula da tamowa. Ina roƙonki kada ki ambaci yunwa a gaban maigida, don zai ji kamar kin ce ya kasa riƙe iyalinsa. Ki ce jikinta ne yake bukatar magani.

Wani malamin jami'a daga Samaru:
Malama, shirun da kike gamuwa da shi yana da tushe. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma zargin da gwajin ya haifar yana cikin abin da ya hura wutar ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Ga kuma kunya, wadda ke hana uwa ambaton sunan ɗan fari ko ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo. Saboda haka ki daina tambayar ko yaro yana lafiya. Ki tambayi abin da ya shiga bakinsa jiya tun daga asuba har ya kwanta, har da ruwa da rubutu. Shekaru kuma ki duba katin rigakafi, in babu ki auna da azumi ko damina. Ki kuma sanar da malaminki a rubuta tsarin tura marar lafiya asibiti cikin ƙa'idar binciken, tunda ba wannan yarinyar kaɗai za ki tarar ba.

Wata uwa daga Ƙofar Doka:
Ƙanwata, ni ban ga laifin uwar miji ba. Ita ce take yanke maganar wankan jego da kunun kanwa, da ba jariri ruwa, da kiran wanzami ya cire beli. Ki fara gaishe ta, ki zauna ki saurari yadda ta raini nata 'ya'yan, sannan ki nemi alfarmar keɓewa da matar a ɗakinta da hantsi, kafin a ɗora girki.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama, na koma yau na danna ƙafafun kamar yadda kika ce, babu kumburi, kuma yarinyar tana karɓar abinci. Kakarta ce ma ta yi wa mahaifin magana, ya amince, kuma da ƙarfe takwas na safiyar gobe zan raka su wurin magani.