Shawarwarin da na tsinta kan bin sawun Normawa

Jiya mun sha hira kan Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila a 1066, ga abin da na tsinta ga mai son zuwa ya gani da idonsa.

Kusan kowa ya ce a fara daga Falaise a Faransa, inda aka haifi sarki William wanda ya jagoranci Normawa suka ci Ingila, sai Caen inda kabarinsa yake. In ka tsallaka Ingila kar ka ɓata lokaci neman filin yaƙin 1066, wanda ake kira yaƙin Hastings, a cikin garin Hastings, yana wani gari mai suna Battle, kuma ka sa takalmi mai ƙwari ka hau gangaren filin yaƙin da ƙafarka, a nan za ka gane dalilin da dawakan William suka sha wuya tun safe har yamma kafin Harold, sarkin Ingila, ya faɗi.

Wani ya ce kar a raina tudun ƙasa a bakin kogi ko tsakiyar gari, da yawa ɗan adam ne ya tara, a kai Normawa suka riƙa kafa hasumiyar katako.

Ni dai Palermo ta tsibirin Sisili a Italiya ce ta fi tsaya min a rai wallahi, akwai rubutun Larabci a silin cocin fadar Roger na biyu, sarkin Normawa na Sisili, wanda masanin taswira al-Idrisi ya zana wa taswirar duniya a 1154.