Musayar waƙa: Kwana 381 a ƙasa

Malam na Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau da safe na fi minti arba'in a Ƙofar Doka ina jiran abin hawa, duk wanda ya tsaya sai ya faɗi kuɗin da sai ka dafa bango, ƙarshe na ce bari in taka, ina tafe ina haki sai Montgomery ta faɗo min a rai, garin nan na jihar Alabama a Amurka inda baƙaƙen fata suka ƙaurace wa bas kwana 381 cur, daga Disambar 1955 zuwa Disambar 1956, saboda dokar sai dai su zauna a baya, in bature ya rasa kujera su tashi su ba shi. Shi ne batunmu na wannan makon. Amsa-amo "ya". Wanda ya karya ƙa'ida shayi na kansa.

Da sunan Allah nake fara waƙa,
Ya ba ni basirar faɗin gaskiya.

Wata tela ce ta taso daga aiki,
Rosa Parks, da yamma, cikin gajiya.

Direba ya ce da ita tashi ki ba shi,
Ga bature a tsaye, ke koma baya.

Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga hannu ba,
A'a ta ce, kalma guda ɗaya.

'Yan sanda suka zo suka tafi da ita,
Dala 14 alƙali ya ce ta biya.

Sai gari ya ce mun bar muku motar,
Ku yi yawo wayam, mu mun kama hanya.

Mai wanki da 'yar aiki da lebura,
Ruwa da sanyi ba su hana su sammakon safiya.

Shekara ta zagayo suna nan a ƙasa,
Har kotun ƙoli ta tsinke igiya.

Ɗan Samaru:
Wa'alaikumussalam Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai a yi min afuwa, yau ba zan bi sahu ba.

Baba, waƙarka ta yi daɗi,
Amma da abin da ke ci min zuciya.

A mare ka a dama ka miƙa hagu,
Wannan haƙuri ne ko tsabar tsiya?

A Birmingham ta Alabama an sakar wa yara karnuka,
Da ruwan kashe gobara, a idon duniya.

An sa bam a coci, 'yan mata huɗu,
Ranar Lahadi, da sanyin safiya.

Shi kansa jagora Martin Luther King mai cewa kar a rama,
A Memphis harsashi ya same shi a wuya.

Ni Malcolm X nake yi, mai cewa kare kanka,
Kura ba ta jin wa'azin akuya!

Anti Mai Ɗinki, Sabon Gari:
Kai ɗan nan, sannu da zafin kai. Kafin in zo kanka, Malam a gafarce ni zan ɗan yi gyara, ba gajiyar aiki ce ta hana Rosa tashi ba, ita da kanta ta musa wannan daga baya. Shekararta 42 lokacin kuma ta daɗe tana sakatariyar NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a garin, ta san abin da take yi sarai, kuma wata tara kafin nan an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan irin wannan. Mu teloli ba a raina mana wayo.

Haƙuri iri biyu ne ƙanena,
Akwai na kwance, akwai na tafiya.

Na kwance shi ne a taka ka, ka yi gum,
Ka ce ƙaddara ce, ka haɗiye wuya.

Na tafiya sai da shiri da lissafi,
Wa zai tuƙa, wa zai kai, wa zai biya.

Dare ɗaya mata suka buga takardu dubbai,
Gari na wayewa sun raba ɗaya bayan ɗaya.

Masu mota suka haɗa kai kamar 'yan adashe,
Kowa ya ɗauki wanda zai iya.

Mafi yawan fasinjan bas ɗin su ne,
Da suka janye asusun kamfani ya zama rariya.

Kara ɗaya ko yaro ya karya shi,
Je ka gwada ƙarfinka a ɗaurin tsintsiya.

(Dan Allah ba tsintsiyar siyasa nake nufi ba, kar wani ya jawo min magana.)

Mai Keke, Kwangila:
Salamu alaikum. Ni fa tun da Malam ya fara zancen ƙaurace wa abin hawa gabana ke faɗuwa. Malam wlh ba laifinmu ba ne, tsadar mai ce, ga balas kullum sai na kai wa mai keke ko an samu ko ba a samu ba.

Ku bar Montgomery ɗinku a Alabama,
Dan Allah kar ku kawo ta Zariya.

Kekena ba ruwansa da fari ko baƙi,
Uku a baya, a gefena mutum ɗaya.

Amma 'yan tasi na can sun burge ni,
Santi 10, kuɗin bas, suka ce a biya.

Hukuma ta ce za ta ci tararsu,
Sai masu motar gida suka karɓi hanya.

Ɗan Samaru kai da ke neman faɗa,
Ran da taya ta fashe wa ya ruga ba waiwaya?

Ɗan Samaru:
Hhhh sharri ne wlh, lacca nake sauri rannan. Anti na yarda ban san zancen takardun nan ba, na ɗauka kawai zuciya ce ta ɗebi mutane. Amma ku zo mu je Afirka ta Kudu, 21 ga Maris 1960, ranar da 'yan sandan mulkin wariya suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta.

Anti na karɓi batun lissafi,
Saura tambaya guda ɗaya.

A Sharpeville ba bindiga a hannunsu,
An kashe 69, da yawa ta baya.

Mandela da kansa ya koma ga makami,
Ko shi ma za ku ce ya saki hanya?

Haƙuri makami ne in ana jin kunya,
Yaya za ka yi da wanda ba shi da kunya?

Malam na Tudun Wada:
Na karɓi gyara Hajiya, Allah ya saka. Ɗana tambayarka ta yi nauyi. Bari in kai ka garin Selma na jihar Alabama, 7 ga Maris 1965, mutum wajen 600 suka fito za su taka zuwa Montgomery neman haƙƙin yin rajistar zaɓe, tafiyar mil 54, ka ce daga nan zuwa Kaduna har da ɗoriya, ko fita gari ba su gama yi ba aka tare su a gadar Edmund Pettus. A daren aka nuna abin a talabijin. A watan Agusta shugaba Johnson ya sa hannu a dokar zaɓe da ta hana jarrabawar karatun nan da ake fakewa da ita a hana baƙi rajista.

Ɗana ban ce maka babu jini ba,
In na faɗi haka na yi ƙarya.

A kan gadar nan an fasa kan jagoran tafiyar, John Lewis,
Kulki ta gaba, dawakai ta baya.

Da ɗayansu ya zaro bindiga rannan,
Da an ce tarzoma ce, an share su gaba ɗaya.

Baƙi ɗaya ne cikin goma a ƙasar,
Wa ke da soja, wa ke da dukiya?

Hannu wofi ya sa aka gane mai dukan,
Ba kunyarsa suka nema ba, idon duniya.

Na Sharpeville kuwa ba zan rufe ka ba,
Ni ma har yau yana tsaya min a wuya.

Anti Mai Ɗinki, Sabon Gari:
Kuna ta tsallaka teku ga ta gida kun manta. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin nan, 'yar NEPU ta Malam Aminu Kano. A zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a mu na Arewa an ce mu zauna a ɗaka, sai a 1979 muka yi babban zaɓe. Kakata ta ba ni labarin ranar, wai zanen da take ɓoyo a ƙasan adaka don biki shi ta ciro ta ɗaura, ta sa lalle tun daren jiya, ta je ta bi layi cikin rana ko karyawa ba ta yi ba, da ta dawo maƙwabta har barka suka shigo yi mata kamar wadda ta sauka.

Ku tambayi tsofaffin Sabon Gari,
Su ba ku labarin Gambo ta Zariya.

An doke ta, an ɗaure ta, an sake ɗaurewa,
Kurkuku ya zame mata kamar ɗakin kishiya.

Ba bindiga gare ta ba, ba gariyo,
Baki ne da taurin kai da juriya.

Ba mai sanyi ba ce, kar ka ɗauka,
In ta hau duro maza ke neman mafaka a baya.

Yau ga asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan,
Mai wucewa a keke bai san an sha wuya.

Malam na Tudun Wada:
Ma sha Allah. Sai dai alƙalanci: Ɗan Samaru ka rufe layi biyu a jere da "kunya", shayi na kanka, da madara.

Ɗan Samaru:
Baba ai da gangan na yi don ta shiga. Kuma ban sauka ba fa, har yanzu ba wanda ya amsa min na Mandela, kuma ina da baitoci kan zuwan Malcolm X Ibadan a 1964, cajina ne saura kaɗan kuma ba wuta a layinmu tun jiya. Bayan isha'i in Allah ya kai mu.

Mai Keke, Kwangila:
Malam gobe ƙarfe bakwai ka tsaya a Ƙofar Doka daidai wajen mai ƙosai, zan biyo in ɗauke ka. Santi 10 ɗin ma na yafe.