Wa ya iya haɗin furotin na gida? Na gwangwani ya fi ƙarfin aljihuna

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Ni dai na fara ɗaga ƙarfe da marece nan wajen sitad, kilo 62 gare ni kuma so nake in ƙara jiki, yaran da muke sipor tare kowa ba shi da magana sai ta garin furotin ɗin nan na babban gwangwani da ake kawowa daga waje, na tambayi kuɗinshi walle jikkunan da aka faɗa min sun isa cefanen gida. Abin da nake yi yanzu, in markaɗa aya da dabino da kwakwa in fasa ɗanyen ƙwai biyu a ciki in shanye, amma ƙarnin ƙwan nan tada min zuciya yake. Ga madam ita ma ta ce in riƙa rage mata, ita kuma teɓa take son ragewa tun bayan haihuwa. To haɗi guda zai yi mana mu biyu? Mi zan sa, mi zan cire?

Koci Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kunun aya kake sha mai ƙwai, kar ka ji haushi. Aya da dabino da kwakwa akwai daɗi, suna ba da ƙarfi, amma sukari ne da mai suka fi yawa a ciki, furotin ɗin kaɗan ne, duk abin da ke cikin kofin naka ƙwan nan biyu ne, kowane guda wajen giram 6.

Lissafin ba wuya. Mai ɗaga ƙarfe ana so ya samu kamar giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinshi a yini, kai mai kilo 62 wajen giram 100 ke nan, kuma ba a kofi ɗaya ba, har da wakenka da shinkafa da nama da awarar da kake ci a bakin hanya. Haɗin sha cike giɓi kawai yake.

Ga wanda nake ba yarana: kindirmo rabin lita, shi kaɗai ya kai giram 16, sai garin ƙuliƙuli cokali uku manya, madarar gari cokali biyu, ayaba ɗaya, dabino biyu ko uku don zaƙi. Wannan ya kai giram 30 ko ya ɗan wuce. Ƙuliƙulin nan da muke rainawa, gyaɗa giram 100 tana da furotin wajen 25, in aka matse mai aka yi ƙuli sai ya ƙaru don man ya fita ya bar shi. Mu da garinmu Maradi ya yi suna da gyaɗa tun zamanin Turawa ai bai kamata a sayar mana da gari a gwangwani muna rawar jiki ba. Shi kanshi garin kantin daga ruwan da ke tsiyayewa in ana yin cuku ake busar da shi, nono ne dai.

Maman Hanifa:
Koci ya gama lissafi amma bai faɗa muku ƙulin ba kowanne ba. In ka sayi mai yaji da gishiri ka zuba a nono za ka yi da-na-sani, ka je wajen mata masu ƙuli ka ce a ba ka tunkuza kafin a sa mata komai, ko ƙuli marar yaji, a daka a tankaɗe. In ba blanda ko an ɗauke wuta, maburgi ya isa, ka dame ayabar da cokali tukuna.

Ni madarar waken suya nake yi. A jiƙa waken ya kwana, a murje ɓawon, a kai markaɗe, a tace, sannan a tafasa sosai kamar minti ashirin ana motsawa don yana kumfa ya zube. Ɗanye kam kumburin ciki ne da ɓacin rai. Wannan warin waken da mutane ba sa so, citta da kanumfari kaɗan suna kashe shi, in ka ƙara garin ɗiyan kuka ya ba shi ɗan tsami ka sa a firigo, yara har faɗa suke a kai.

Batun madam, a'a, kar ku sha kofi guda. Nata a cire dabino da madarar gari, ayaba rabi, ƙuli cokali ɗaya, sukari kam ko kusa. Kuma ta sha shi a madadin kalaci ko a madadin fanke da shayin safe, in ta ci tuwo ta ƙoshi ta ɗora wannan a kai teɓar ƙaruwa za ta yi.

Na Hura:
Ku dai kuna wahala. Hura da nono malam!! Ƴan kokowarmu da ake kai wa gasar takobi da mi suka yi ƙirji, blanda?

Koci Sabon Gari:
Hhh Na Hura ban ƙi taka ba, gero ma yana da furotin kamar giram 11 a cikin 100. Matsalar yadda ake dama ta ne, hura tuli, nono ɗan kaɗan an tsinka da ruwa, sukari ludayi. In za ka juya, nono ya fi yawa, to ta yi wa Ɗan Bagalam. Ga mai rage ƙiba kuwa sai a yi hattara da ita.

Hajiya ta likita:
Ɗana ka bar ɗanyen ƙwan nan don Allah. Akwai ƙwayar cutar salmonela da ke kawo zawo da zazzaɓi, kuma jiki kusan rabin furotin ɗin ɗanyen ƙwai kawai yake amfana da shi, dafaffe kuwa wajen kashi 90 cikin 100. Ka dafa ka ci a gefe, ƙarnin ma ka huta da shi. Nonon da ba a tafasa ba shi ma haka, na saniya ko na jar akuyarmu, a dafa kafin a sa shi ya yi barci. Gyaɗa kuma a tsince wadda ta yi funfuna ko take ɗaci, gubar da ke cikinta hanta take taɓawa kuma suya ba ta kashe ta. In maiɗakinka tana shayarwa kar ta matsa wa kanta da yunwa, kuma duk mai ciwon ƙoda ko ciwon suga ya ga lokotoro kafin ya fara irin wannan.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya saka. Tana shayarwa kam. Koci, kafin sipor zan sha ko bayan na gama? Kuma zan iya haɗawa tun safe in tahi da shi a gora, don daga shago nake wucewa.

Koci Sabon Gari:
Bayan ka gama ya fi sauƙi a ciki, amma jimillar yini ita ce magana, ba sai ka yi gudu kana duba agogo ba. Gora tun safe cikin zafin Maradi kuwa a'a, kafin la'asar ya yi tsami ya kumbura. Ka ƙulla garin ƙulin da madarar a leda, in kun tashi ka sayi kindirmo ko solani marar sukari mai sanyi ka girgiza nan take. Ka hau sikeli ƙarshen wata ka zo ka faɗa mana.