Musayar Waƙa: Duwatsun Zuru

Ɗan Dabai:
Salamu alaikum. Na zo gida ganin kaka, na hau tudu da hantsi na hango gari, sai waƙa ta taso mini. Mai iyawa ya karɓa.

Bismillah, na ɗauki alƙalami,
Zan waƙe ƙasarmu ta Zuru.
Kakanni sun zauna kan duwatsu,
Dutse shi ya zame musu garu.
Dabai da Danko, Fakai da Sakaba,
Har Wasagu, biyar suka taru.
In an yi bikin Uhola bayan girbi,
Sai ka ga zumunci ya ƙaru.

Bazamfare:
Sannu da hawan tudu, taubashi,
Suri ka hau, kana ta nishi.
Dutse na nan Kwatarkwashi,
Kan hanyar Gusau, taho ka gan shi.
Ka ɗaga kai hularka ta faɗi,
Maiki kaɗai ka kwana bisanshi.

Ɗan Dabai:
Kai tsawon dutse kake aunawa,
Mu namiji muke aunawa da noma.
Shekara bakwai a gonar suruki,
Golmo ke nan, da garma ake fama.
Kai da ka kai lefe ka ɗau amarya,
Kunya guda in ka ja, sai ka suma.

'Yar Ribah:
Allah ya ƙara basira, Yaya! Wannan ta shiga har ƙashi. Bazamfare, a nemo ruwa a sha.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata. Ɗan Dabai, a waƙarka ta biyu, ɗango na biyu ya ɗara na farko da gaɓa biyu, kari ya karye. Kai kuma Bazamfare, "gan shi" da "bisanshi" kalma ɗaya ce ka maimaita, ba amsa-amo ba ne. Ɗango na biyar kuwa ka sake shi yana yawo.

Bazamfare:
Malam, rera ta ka ji, ba ƙirga ta da yatsu ba.

'Yar Ribah:
Allah gafarta Malam, makaɗan 'yan kokawa na garinmu ba su san aruli, ilimin awon waƙa, ba, kuma in suka ɗauko waƙa sai tsigar jikinka ta tashi. Ganga ce ma'auninsu.

Malam Mai Aruli:
Wancan waƙar baka ce, 'yata, ganga na rufa mata asiri. Rubutacciya ba ta da marufa sai kari. Ba zan janye ba.

Bakaben Argungu:
Na makara, amma ga tawa.

Ku yi ta musu a kan duwatsu,
Mu Allah ya ba mu ruwa.
Kanta ya gina Surame da dutse,
Ku tambayi tarihin Kabawa.
Ranar su a Matan Fada,
Da homa muke kama giwar ruwa.

Ɗan Dabai:
Malam, na ji gyara, zan rage ɗangon. Bakabe, Jihar Kebbi ɗaya muke tun 1991, don haka zan sassauta maka:

Kifinka na ƙarewa a tukunya,
Kadojinmu na Girmace na nan da rai.
In ana zancen soja a ƙasar nan,
Ka ce Zuru, ka sunkuyar da kai.
Janar Sani Sami ya mulki Bauchi,
Ya dawo gida ya gaji sarautar iyaye.

Malam Mai Aruli:
"Rai", "kai", sannan "iyaye"? Ina amsa-amon ya tafi?

'Yar Ribah:
Kwana biyu ina karanta ku ban sa baiti ba. Ga nawa, ko ya yi ɗingishi a bar mini shi haka.

Kuna gardamar tsawo da kari,
Ni gonar babana nake tunawa.
Damina uku ba a ja kunya ba,
'Yan bindiga sun hana mu zuwa.
Dutsen da ya ɓoye kakanninmu,
Yau da rana ma ba mai hawa.
Mun ba ƙasa soja har da janar,
Ƙauyenmu ya rasa mai tsarewa.

Bazamfare:
Ƙanwata, na aje wasa. Mu ma rumbunmu na can ƙauye a rufe, muna awon gero a Gusau da kwano.

Ciwonki shi ne nawa ciwo,
Daji guda ya haɗa mu kuka.
In Allah ya kawo lafiya,
Ni zan riƙe wa Baba garma ran shuka.

Ɗan Dabai:
Amin. Ƙanwata, yanzu su Baba suna Ribah ne, ko sun ƙaraso Zuru?