Motata ta mutu ana cikin tafiya, alhali ban taɓa tsallake sabis ba

Baban Khalifa, Tumfure

Assalamu alaikum. Masu sanin mota a taimaka mini da shawara, don kaina ya ɗaure.

Fijo 406 gare ni, na saye ta a hannun wani ɗan'uwa a 2019. Duk wanda ya san ni ya san yadda nake lallaɓa motar nan, har maiɗakina kan ce ita ce uwargida. Kowane kilomita 5,000 sai na juye baƙin mai na sauya filta, kuma akwai littafi a aljihun gaba da nake rubuta ranar. Ruwan lagireto kullum da safe sai na leƙa.

Asabar ɗin da ta wuce na tashi daga Gombe zan kai yarinyata makaranta Bauchi. Mun wuce Alƙaleri, ba mu kai gadar Dindima ba, ina kan tamanin, sai na ji wani ɗan "ƙas" daga gaba, inji ya ɗauke ɗif. Babu hayaƙi, allurar zafi tana inda take. Sitiyari ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Allah Ya taimake ni babu babbar mota a bayana, na gangara gefe. Na murɗa makulli ya kai sau goma. Kik yana juyawa, har ma da sauri fiye da kullum, amma ta ƙi tashi.

Wani bakanike da aka ɗauko mini a mashin ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce injin ya buga, sai sabo. Na sa yarinyar a motar haya, ni kuma janwe ta dawo da ni Gombe bayan isha'i. Ta yaya motar da ake kula da ita haka za ta buga babu ko gargaɗi? Kuma in nemi inji ɗan Beljiyam ne, ko akwai gyara?

Oga Ɗanjuma, bakanike, Bauchi

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah Ya kiyaye gaba. Tambaya ɗaya: a littafin nan naka, akwai ranar da aka sauya taimin bel?

Abin da ya sa na tambaya, ka ce kik yana juyawa da sauri. Injin da ya buga da gaske, wanda ya rasa mai ƙarfe ya kama ƙarfe, ko dai ya ƙi juyawa sam ko ya juya da ƙyar, kuma yawanci sai ka fara jin ƙwanƙwasa ko jar fitilar mai ta kama. Naka yana wulwulawa ne kamar fanka saboda babu matsin iska a ciki. Haka yake yi in bel ya tsinke.

Bel ɗin roba ne mai haƙora, shi ke haɗa juyin ƙasan inji da na sama don bawul ya buɗe ya rufe a kan lokaci. Yana ɓoye cikin murfi, mai juye maka mai ba ya ganinsa. Mu a nan in an ce sabis, mai ne da filta, in an matsa a ƙara filogi, shi ke nan. Galibi ana so a sauya shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, ko bayan shekara huɗu zuwa biyar ko da motar ba ta yawo, don roba tana tsufa, balle a zafin Maris da Afrilu irin namu.

A injin 406 in ya tsinke ana gudu, fistin yakan taso ya daki bawul ya lanƙwasa su. Amma kada ka sayi inji tukuna. A buɗe murfin bel, minti kaɗan ne. In shi ne, a sauke kan injin a ƙirga bawul nawa suka tafi, a duba saman fistin.

Direban Bauchi zuwa Gombe

Shekara 14 ina bin hanyar nan. Abin da ka yi na gangarawa gefe shi ne daidai, kuma ina roƙon masu karatu su riƙe shi. In inji ya mutu kana gudu, kada ka zare makulli, sitiyari zai iya kullewa. Burki yana nan, amma taku ɗaya ko biyu ne masu laushi suka rage maka, daga nan sai ya yi tauri kamar dutse. To kada ka yi ta famfa shi, ka taka sau ɗaya ka riƙe. Kunna fitilu huɗu, fitar da mutane nesa da kwalta, tireloli ba sa jiran kowa. Murɗa makulli sau goman nan ne kawai ban so ba.

Maman Ilham, Jekadafari

Ni dai kada a yi saurin yanke hukunci. Corolla ta ta yi mini haka a tsakiyar titi, ranar da nake sauri zuwa asibiti, aka ce inji, ashe famfon mai ne. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 na koma shan lita biyar, lita bakwai, fitilar mai kullum a kunne. Shi kuwa famfon a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Malam, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. In ka ji ɗan gunji na daƙiƙa biyu, famfon na da rai.

Oga Ɗanjuma

Gaskiyarki Hajiya, a gwada, ba ya cin ko sisi. Sai dai Corolla irin taki ta shekarun 2000 sarƙa take amfani da ita a maimakon bel, shi ya sa ba ki san wannan ciwon ba. Kuma in famfo ne, yawanci mota takan fara shiƙa tana fizga kafin ta mutu.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai. Hajiya, na kasa kunne, famfon yana gunjinsa lafiya lau.

Oga Ɗanjuma, ka gani kamar kana wurin. Da bakanikena ya cire murfin, sai ga bel a tsinke, haƙoransa sun zube a ƙasa kamar an sussuke masara, bayansa duk ya tsattsage. Na koma littafina shafi-shafi, juyen mai ne kawai tun daga farko har ƙarshe. Na buga wa ɗan'uwan da ya sayar mini, ya yi shiru, ya ce shi ma bai tuna ya taɓa sauyawa ba.

An sauke kan injin jiya, bawul shida sun lanƙwashe, fistin ɗan tabo ne kawai. Bakaniken ya ce a haɗa da famfon ruwa da ƙarfen da ke ɗame bel a sauya gaba ɗaya, tunda bel ɗaya ke juya su. Na amince. Abin da nake tsoro yanzu jabu ne, don an nuna mini bel iri uku a kwali kusan iri ɗaya, farashin wani ya ninka na wani. Oga, in na turo hotonsu za ka iya gane na ƙwarai, ko in bari sai mai zuwa Kano ya duba mini a Ƙofar Ruwa?