Musayar Waƙa: Taurarin Waya a Zamanin Kullen Korona

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum. Tambayata ga 'ya'yanmu ce waɗanda suka mai da Instagram da TikTok kasuwa, kuma duk wanda zai amsa ya amsa da waƙa, ko da bai riƙe amsa-amona ba.

Da sunan Ilahu nake buɗe zance,
Mai jarraba bayinsa da dare da rana.

Salati ga Manzon da ya hana mutum fita
Daga garin da annoba ta sauka, ya ce a zauna.

A ƙarshen Fabrairu na shekarar 2020
Wani baƙo daga Italiya ya sauka Legas da korona.

Aka kulle Legas da Ogun da Abuja,
A watan Afrilu kuma kulle ya iso ƙofar gidana.

An rufe Kantin Kwari, an rufe masallatai,
Azumi ya kama babu mai sallama a zaurena.

Na san halin da ɗan dako ya shiga a lokacin,
Na ga mai shayin unguwarmu ya tattara kofuna.

Amma ku da kuke cin abinci da fuskar waya,
Masu dubban mabiya da ɗaukakar suna,

Da jama'a suka zauna ba aikin yi sai kallonku,
Riba kuka kwasa, ko ku ma kun sha ƙuna?

Mai Tallan Atamfa:
Baba Malam, na durƙusa na gaishe ka,
Ka sosa mini wurin ƙaiƙayi da wannan tambaya.

Sana'ata ita ce in sa atamfar ɗan kasuwa,
In kafa ɗauri, in yi hoto kamar amarya,

Shi ya sallame ni, mata kuma su gani su yaba,
Ankon biki da na suna su zaɓa su biya.

To, da aka hana taro, wa za ta fitar da anko,
Wa za ta ɗinka leshi alhali babu fita ko ɗaya?

Mabiyana sun ƙaru, wannan ban musa ba,
Domin zaman gida ya manne kowa da waya,

Amma mai kallo daban, mai saye daban,
Yabon da ake rubutawa ba ya zuba gishiri a miya.

Wani kamfanin man shafawa da muka ƙulla da shi
Da saƙon layi biyu ya warware yarjejeniya.

Na kunna fitilar hoto a kusurwar ɗakina,
A madafa kuwa abin da ya rage rabin ledar taliya,

Na yi wa mutanen da ban sani ba murmushi,
Na kashe fitila, na zauna lissafin kuɗin haya.

Ɗan Barkwanci:
Anti, Allah ya mayar miki da alheri,
Amma faɗuwar wani tashin wani, in ji Hausawa.

Ni kafin kulle babu wanda ya san da zamana,
Gyaran waya nake yi a rumfar maigidana a kasuwa.

Da aka rufe rumfa na jingine wayata a jikin buta,
Na kwaikwayi magidancin da ya rasa majalisar zuwa,

Yana leƙa tukunya, yana ƙirga tsinken ashana,
Uwargida tana roƙon Allah ya kawo ranar buɗewa.

Cikin kwana uku bidiyon ya zaga WhatsApp har Maraɗi,
Masu sayar da data suka fara kirana da gaisuwa.

Ki dubi Khaby Lame, ɗan asalin ƙasar Senegal,
Wanda ya rasa aikin masana'anta a Italiya ana tsakar rufewa;

A watan Maris na 2020 ya rungumi TikTok,
Bai dogara da baki ba, sai fuska da nunawa,

Tafin hannu biyu yake buɗewa ya yi shiru abinsa,
Zuwa Yunin 2022 mabiyansa a can sun fi na kowa yawa.

Mai tallan jirgi da otal da biki shi ya durƙushe,
Mai ba da dariya a ɗaki kuwa ya sami wurin tsayawa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, a yi mini izini in shigo, domin ni a ɗakin killace marasa lafiya na yi wancan azumin, kuma lissafin riba da asara da ake yi a nan bai haɗa da abin da idona ya gani ba.

Ƙanena, na yi dariya da bidiyonka, ba zan ɓoye ba,
Amma akwai wani ciniki da ku biyun kuka ƙi ambata.

A watan da masu haƙar kabari a Kano suka jigata,
Ana binne dattawa safe da yamma ba a huta,

Wasu masu mabiya suka ce cutar ƙarya ce,
Wai gwamnati ce ta ƙirƙiro don kuɗi su shigo mata.

Wasu suka ɗora laifin a kan turakun 5G,
Alhali sai 2022 Najeriya ta fara sayar da shi ga mutanenta.

Na karɓi wani tsoho da numfashi ya gagara,
Ɗansa yana riƙe da gorar jiƙon da ya ga an tallata;

Kwana shida suna ɗura masa citta da tafarnuwa a gida,
Suka kawo mana shi bayan cutar ta gama aikinta.

Ban zargi mai tsoron allura ba, domin na san tarihi,
Gwajin maganin Trovan kan yara a 1996 ya bar wa Kano tabon da ke damunta,

Amma mai jin tsoro daban, mai sayar da tsoro daban,
Kuma na biyun nan ya san abin da bakinsa ya furta.

Da rigakafi kusan miliyan huɗu ya sauka Abuja a Maris na 2021,
Jita-jita ta riga motocinmu isa ƙauyuka da ƙafarta.

A Faransa a shekarar nan wani kamfanin talla ya yi tayi
Ga masu YouTube, a biya su su sami wata allura su kushe ta;

Wasunsu suka ƙi, suka baje saƙon kowa ya karanta,
To, a nan gida wa ya ƙi, wa ya karɓi tayin ya rufa asirinta?

Mai Tallan Atamfa:
Yaya, kin yi jifa a kasuwa, ya faɗo a kaina,
Kuma ba zan kauce ba, tunda an zo faɗin gaskiya.

Ana goma ga azumi wani mai jiƙo ya turo mini
Kuɗin da za su sayi buhun shinkafa har da kayan miya.

Bayan isha'i na riƙe kwalbarsa a gaban fitila,
Na ce tana korar korona, ban ko ɗanɗana ba, ban ji kunya.

Can cikin dare aminiyar mahaifiyata ta kira ni,
Ta ce, 'Yata, Alhaji yana tari, ina ake samu in aika a saya?

Muryarta tana rawa, ta yarda da ni ɗari bisa ɗari,
Domin a gabanta na yi rarrafe, ta san ni tun ina jaririya.

Na ce, Umma, ki kira lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka, ki bar kwalbar nan,
Kafin sahur na goge bidiyon, na mayar da kuɗin gaba ɗaya.

Sai dai wasu sun riga sun sauke shi a wayoyinsu,
Har yau ban san adadin gidajen da ya shiga ba a duniya.

Ɗan Barkwanci:
Anti, tunda kin fito fili, ni ma bari in ƙarasa tawa,
Domin ɗazu na faɗi hawan, na ɓoye saukowa.

Da aka ɗage kullen Kano a watan Yuli,
Magidanta suka koma majalisa, kallona ya fara raguwa.

Masu data suka daina kira, na nemi maigidana,
Na koma rumfa da ƙaramin sukudireba da abin narkarwa.

Kwanan baya wata dattijuwa ta kawo waya ta cika,
Ta ce in rage mata tarkace, ta daina maƙalewa.

Ina cikin share hotunan biki sai ga ki da kwalba,
Ɗaurinki a kafe, fitilar nan tana haskawa.

Na ce, Hajiya, wannan tsohon talla ne, in goge shi?
Ta ce, A'a ɗana, bar mini shi, ko cutar tana dawowa.