Fasta ce ta jawo hankalin baƙin Amurka a 1917, ko tsoro?

Malamin Tarihi: Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana, na kuma san akwai waɗanda za su taso mini. Ni a ganina farfagandar da gwamnatin Amurka ta yi wa baƙin da ke zaune a ƙasarta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta ci nasara, kuma ba yaudara ba ce. Ku dubi halin da ake ciki. A ƙidayar 1910, cikin mutum miliyan 92, wajen miliyan 13 da rabi a wata ƙasa aka haife su. Sama da miliyan 2 haifaffun Jamus ne, ƙasar da za a yaƙa ke nan. 'Yan Ireland ba sa ga-maciji da Ingila, ga shi ba a daɗe da murƙushe tawayen Dublin na 1916 ba. Da irin wannan jama'a Shugaba Wilson ya shiga yaƙi a watan Afrilun 1917. A cikin watan ya kafa kwamitin yaɗa labarai, ya ɗora ɗan jarida George Creel a kai. Kafin a gama yaƙin, kusan baƙi rabin miliyan sun sa kakin soja, wato kusan ɗaya cikin biyar na rundunar. Ba a yi wani babban bore ba, ƙasa ba ta dare biyu ba. In wannan ba nasara ba ce, a gaya mini sunanta.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Malam. Sunanta cin moriyar ganga a yada kwaurenta. Ka tsaya a 1918 ne saboda nan labarin ya yi maka daɗi. Ƙara shekara shida ka ga abin da aka yi wa mutanen nan.

Malamin Tarihi: Za mu je can, Alhaji, kada ka yi gaggawa. Fara duba abin da aka ce musu tukuna. Akwai wata fasta ta hukumar abinci da Herbert Hoover ke shugabanta, wadda Charles Chambers ya zana a 1917. Baƙi ne a bakin tashar jirgin ruwa, mata da ɗankwali, wata riƙe da kwando, can gaba ga gunkin 'yanci da dogayen benayen New York sun yi ruwan zinariya, bakan gizo mai launin tutar Amurka ya rufe su. Rubutun ya ce abinci ne zai ci yaƙin nan, kun zo nan neman 'yanci, yanzu sai ku taimaka a kare shi, ana bukatar alkama, kada a ɓarnatar da komai. An buga ta da Turanci, an buga da Italiyanci, an buga da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai. Gwamnatin da ta yi maka magana da harshen uwarka ta san da zamanka. Ina ƙaryar a nan?

Uwar Biyu: Malam, a gafarce ni, ni ba ƙarya nake nema a fastar ba. Tambayata ita ce wa ya ce fastar ce ta yi aikin. Rabin miliyan ɗin da ka kawo, yawancinsu ba da ƙafarsu suka je ba. A watan Mayun 1917 aka yi dokar ɗaukar soja dole, kuma duk baƙon da ya riga ya cike takardar neman zama ɗan ƙasa ta hau kansa, in dai ba daga ƙasar abokan gaba ya fito ba. Wanda aka aiko wa takardar kira ba sai ya ga bakan gizo ba.

Tsohon Soja: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma rabi. Baƙon da bai cike waccan takarda ba yana da damar cewa a cire shi, kuma da yawa ba su nemi a cire su ba. Sannan ku farar hula kuna ɗauka da an kai mutum bariki shi ke nan. Kai shi bariki daban, sa shi ya tsaya a fagen daga daban. A sansanin Gordon da ke jihar Jojiya sai da hafsoshi suka gano cewa ɗaruruwan kuratan da aka ɗauka ragwaye ko masu taurin kai, umarnin ne ba sa ji. Aka ware su rukuni-rukuni, masu jin Italiyanci gefe guda, masu harsunan Silabiyawa, irin su 'yan Poland da Rasha, gefe guda, aka sa musu hafsoshin da ke jin harshensu, ana koya musu Turanci a hankali. Mutanen da aka tura wanke tukwane suka dawo suna fareti kamar kowa. Wannan ma jawo hankali ne, kuma ya fi kowace fasta aiki.

Uwar Biyu: To ai ka shigo layina, Yallaɓai. Abin da ya yi aiki shi ne abin da mutum ya gani a ƙasa. Ɗauki Yahudawa. Har farkon 1917 da yawansu ba sa son jin maganar taimakon ƙawancen Ingila da Faransa da Sarkin Rasha ke ciki, mutumin da a ƙarƙashinsa aka riƙa ƙone musu unguwanni. A watan Maris aka hamɓarar da shi, wata guda kafin Amurka ta shiga yaƙin. Wannan ne ya sassauta zukata, ba mai zane ba. 'Yan Poland kuma ƙasa suke so, don an fi shekara ɗari da rabe tasu tsakanin Rasha da Jamus da Ostiriya. Wajen mutum 20,000 suka tashi daga Amurka aka horar da su a Kanada, suka shiga rundunar 'yan Poland da ta yi yaƙi a Faransa. Da Wilson ya jero sharuɗɗansa 14 a Janairun 1918, na 13 shi ne a kafa ƙasar Poland mai cin gashin kanta. Mutumin da aka yi wa wannan alkawari ba ya bukatar wani ya lallashe shi.

Malamin Tarihi: Kuma wa ya kai masa labarin alkawarin har ƙofar gida, da harshensa, a jaridar da yake saye? Ofishin Creel. Akwai sashe guda na hulɗa da haifaffun waje, wata mata Josephine Roche ke riƙe da shi. Ba Amurkawa ta ɗebo su yi wa baƙi wa'azi ba, 'yan cikin al'ummomin ta ɗauko, su suke rubutawa, su suke fassara dokar soja da ta haraji ga mutanensu. Ga kuma masu jawabin minti huɗu, mutum wajen 75,000, da ke miƙewa a gidajen silima lokacin da ake canza faifan fim. A New York akwai masu yi da Yidish da Italiyanci.

Ɗan Kwari: Malam na ta lissafa abin da hannun dama ya bayar. Bari in lissafa na hagu. A watan Oktoban 1917 aka yi dokar da ta ce duk jaridar da ba ta Turanci ba, in za ta taɓa maganar gwamnati ko ta yaƙi, sai ta kai fassarar Turanci gidan waya kafin ta fita, sai fa in an ba ta lasisin afuwa. Wa ake ba lasisin? Wanda ya yi laushi. Ƙaramar jarida ba ta da kuɗin mai fassara kullum, ga labarin gwamnati yana zuwa kyauta, an riga an fassara, ba wanda zai kama ka a kansa. Ni ɗan kasuwa ne, na san me zan buga in ni ne mai jaridar. Sai a dawo a ce ga shi jaridun baƙi duk sun goyi baya.

Auta: Yaya, ni abin da ya fi tsaya mini a rai na jihar Iowa ne. A watan Mayun 1918 gwamnanta William Harding ya hana amfani da kowane harshe in ba Turanci ba a makaranta, a jirgin ƙasa, a wurin ibada, har a wayar tarho. Ba Jamusanci kaɗai ba, har harsunan ƙasashen da ke ƙawance da Amurka. An ci tarar wasu matan manoma don sun yi hira da Jamusanci a waya. Wato a wata guda, gwamnatin tarayya na kiranka da harshenka, ta jiha na cin tararka a kansa.

Malamin Tarihi: Haka ne ƙanina, sai dai kada a ɗora wa Creel laifin gwamnan Iowa. Shi da kansa ya soki masu hana harsuna, yana ganin ɓata masa aiki suke yi.

Ɗan Kwari: Ya soke su, amma ofishinsa ne ya riƙa buga talla a mujallu yana cewa 'yan leƙen asirin Jamus na ko'ina, duk wanda ka ji yana baza labarin karaya ko kukan a yi sulhu ka kai sunansa ma'aikatar shari'a. Ka gaya wa jama'a haka safe da yamma, sannan ka yi mamaki in sun fara kallon maƙwabcinsu? Ku ji na Robert Prager. Haifaffen Dresden ne a Jamus, yana aiki a mahaƙar kwal kusa da Collinsville a jihar Illinois. Ya cike takardar neman zama ɗan ƙasa. Ya je shiga sojan ruwa aka ƙi ɗaukarsa saboda ido ɗaya gare shi. Duk abin da fasta ta ce a yi, ya yi. Daren 4 ga Afrilun 1918 gungun mutane suka fito da shi, suka cire masa takalmi, suka naɗe shi da tuta suna zagaya gari da shi yana waƙar ƙasa. 'Yan sanda suka ɓoye shi a ginin hukumar gari, aka shiga aka zaƙulo shi, aka rataye shi a bishiya a bayan gari. Mutum 11 aka gurfanar, ba a yi sa'a guda ana shawara ba aka sallame su duka. Bajamushen da ya karanta wannan a jarida, gobe da safe in an zo sayar da takardun bashin yaƙi, saye zai yi ko ba zai saya ba? A wasu garuruwan wanda ya ƙi saye fenti rawaya ake watsa wa gidansa. Sai a tara kuɗin a ce ƙauna ce.

Tsohon Soja: Innalillahi. Wannan ba wanda zai kare shi. Amma Alhaji, tsoro na sa mutum ya zaro kuɗi, ba ya sa shi ya ɗauko ɗan'uwansa da aka harba a tsakiyar wuta. Akwai baƙin da suka samu lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a wannan yaƙi. Kuma gwamnati ta biya wani abu. Dokar 9 ga Mayun 1918 ta ɗauke wa baƙon soja jiran shekara biyar, aka riƙa rantsar da su a bariki. Sama da mutum 100,000 suka zama 'yan ƙasa ta wannan hanya. Takarda ce ta gaske, 'ya'yansu da jikokinsu sun ci gajiyarta.

Auta: Wannan bai yi kama da yadda Turawa suka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 ba? Ita ma ai da harshenmu aka riƙa ba mu labarin yaƙi da Hitila.

Malamin Tarihi: Dabarar ta yi kama, matsayin ya bambanta. Kakanninmu a ƙasarsu suke, ƙarƙashin mulkin mallaka, ba wanda ya ce musu in an gama za su zama 'yan Ingila. Mu bar wannan zuwa wani zama. Abin da nake so Alhaji ya amsa shi ne na 4 ga Yulin 1918. Ƙungiyoyin baƙi suka yi jerin gwano a manyan birane, kowa da kayan gargajiyarsa, wakilan al'ummomi 33 suka raka Wilson kabarin George Washington. A 1919 kuma aka fito da fastar da ke cewa duk Amurkawa ne, da jerin sunaye 14, akwai O'Brien, akwai Levy, akwai Kowalski, akwai Gonzales. Kafin nan gwamnatin Amurka ba ta saba faɗin haka da babbar murya ba. Magana in ta fita ba ta komawa, jikokin mutanen nan sun riƙe ta sun yi ta tuna wa ƙasar.

Uwar Biyu: Jerin gwanon ma ofishin Creel ne ya shirya shi, Malam, har da takardar roƙon da aka ce baƙin ne suka aika wa shugaban ƙasa. Ba na cewa waɗanda suka fito ba da zuciya ɗaya suka fito ba. Cewa nake wanda bai fito ba ya san za a lura.

Ɗan Kwari: To mu zo inda na ce a je tun farko. A 1921 aka fara ƙayyade yawan masu shiga. A 1924 aka ɗaure ƙofar tamau: kowace ƙasar Turai a shekara kashi 2 cikin ɗari na yawan mutanenta da ke Amurka a ƙidayar 1890. Me ya sa 1890, alhali an yi ƙidaya a 1910 da 1920? Saboda a 1890 mutanen kudanci da gabashin Turai ba su fara kwarara ba tukuna. Italiya da kafin yaƙi takan aiko sama da mutum 200,000 a shekara, aka ba ta ƙasa da 4,000. Masu sunan Kowalski da Levy da aka jera a fasta, danginsu aka tare a bakin ruwa, shekara biyar kacal bayan buga ta.

Malamin Tarihi: Majalisa ce ta yi dokar, wata gwamnati ce kuma daban, Wilson ya sauka tun 1921. Kuma ba a ƙwace wa sojojin takardunsu ba.

Uwar Biyu: An ƙwace wa wasu. Bhagat Singh Thind, ɗan Punjab ne daga Indiya, ya shiga soja a 1918 da rawaninsa. Kotu ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa, hukumar shige da fice ta ƙalubalanta, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1923 ta ce ba farar fata ba ne a idon doka, don haka bai cancanta ba. Bayan hukuncin aka bi wasu Indiyawan da suka riga suka samu aka soke nasu.

Tsohon Soja: Ya samu daga baya ai, Hajiya.

Uwar Biyu: Ya samu, bayan majalisa ta yi wata doka a 1935 don tsoffin sojojin yaƙin 'yan asalin Asiya. Ka lissafa daga 1918.

Malamin Tarihi: Shekara 17. Ban musa ba. Ni dai har yanzu ina kan cewa Roche da mutanenta da gaske suke yi, majalisar 1924 ce ta ci amanarsu tare da ta baƙin.

Ɗan Kwari: Baƙon da ya sayi takardar bashi a 1918 ba da Roche ya ƙulla ciniki ba, Malam, da Amurka ya ƙulla.